WAI GANIN GUNKI BAUTA MASA NE?

Muna roƙon Edita ya sam mana ɗan fili a wannan fitowa, ko da yake mun san filin na waƙa ne da gajeren labari da sharhin littattafai, mu kuwa abin da muka zo da shi ƙorafi ne irin na malaman makaranta. Amma idan mai karatu ya yi haƙuri ya biyo mu, zai ga maganar ta ratso ta ƙofar marubuta, har ta shimfiɗa tabarma a zaurensu.

Asalin maganar hotuna ne. Wani tsohon ɗalibinmu ɗan Maiyama, wanda Allah ya kai abincinsa birnin Lesta ta ƙasar Ingila yana aikin jinya, shi ya aiko wa ɗayanmu su ta waya. 'Yarsa ce, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, da hijabinta, cikin 'yan ajinsu. An ɗebe su a mota an kai su wurare uku a yini ɗaya: gidan ibadar mabiya addinin Sikh, da na mabiya Buda, da na Hindu. A hoto na farko ga yara sun cire takalma, mazan an ɗaura musu ƙyalle a ka, suna zaune a ƙasa sahu-sahu ana zuba musu abinci. A na biyu ga wani mai askin ƙwal-kwabo da lemon mayafi yana amsa tambayoyi. A na uku ga gumaka an yi musu ado da furanni, yara kuma kowa da takarda da fensir a hannu. Uban ya ƙara da cewa bayan mako biyu an kai ajin masallaci, inda yarinyar tasa ta zama ita ce malama, tana nuna wa 'ya'yan Turawa da na Indiyawa yadda ake alwala.

Da hotunan suka zagaya ɗakin malamai sai wuri ya kaure. Wannan ya ce an halaka yarinya. Wancan ya ce dama ƙarshen mai zama Turai ke nan, ya tara fam ya zubar da ɗiya. Wani abokin aikinmu, mutumin kirki da ba mu taɓa jin kansa da kowa ba, ya miƙe yana ta salallami yana cewa wannan ai koya wa yara shirka ne da rana tsaka. Yana cikin haka sai wayarsa ta yi ƙara a aljihu. Kiɗan Indiya ne. Babu wanda ya yi dariya, domin babu wanda ya ga abin dariya, kuma wannan rashin ganin shi ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Da abin ya tsaya a kan 'yar wani da ke can wata uwa duniya, da mun bar shi a ɗakin malamai ya mutu can. To, amma ba a yi wata biyu ba sai ga shi ya faɗo a kanmu. Mu 'yan kaɗan ne masu koyar da tarihi da labarin ƙasa da Hausa a wasu makarantun sakandare na Jega da Aliero da Maiyama, kuma mun daɗe muna jin kunyar yaye ɗaliban da ba su taɓa fita ƙofar makaranta da sunan karatu ba. Muka tsara yawon buɗe ido a cikin jiharmu: Gwandu, inda hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, Argungu, gidan tarihi na Kanta, sai Zuru, su ga gidan tarihinta da wurin nan na gargajiya da ake kira Girmace. Muka rubuta takarda, shugaban ɗaya daga cikin makarantun ya ce a kai gaban taron iyaye da malamai.

Zuru aka fara sokewa. Mu kanmu mun shiga taron da niyyar janye ta saboda halin da hanya ke ciki, amma ba a bari mun kai ga wannan ba. Wani dattijo da muke ganin girmansa ya ce, "Malam, mi ɗiyanmu za su nema wurin tsafi?" Muka ce, "Baba, gani za su yi su rubuta, ba su da abin nema." Ya ce ai daga gani ake farawa. Aka soke. Aka zo kan Argungu, wani ya ce ya taɓa shiga gidan tarihin, ya ga layu da guraye da tarkacen mutanen da, bai ga abin da zai ƙari yaro da shi ba sai waswasi. Aka soke. Saura Gwandu, muka ce to alhamdu lillahi, wannan dai babu mai ja. Ashe mun yi gaggawa. Wani matashi ya ɗaga hannu ya ce shi ƙanensa ba za shi ziyarar kabari ba, wani daga baya ya mayar masa da zazzafar magana, nan take taron makaranta ya koma fagen wata tsohuwar jayayya da kowa ya sani. Shugaba ya ga abin zai fi ƙarfinsa, ya ce a ɗage sai wani jiƙon. Takardarmu tana nan cikin durowarsa har yau.

Jama'a, ku duba wannan tsani da kyau. An fara da ƙin ganin abin maƙwabci, aka gangaro ga ƙin ganin abin kakanni, aka ƙare da kasa kai yaro ya ga inda marubucin Liya'ul Hukkami yake kwance, alhali tsakanin Aliero da Gwandu ba tafiyar da za a yi guzuri ba ce. Wanda ya ce tsoron gunkin Indiya ba shi da haɗi da mu, to ga haɗin.

Bari mu faɗi abin da kowa ya sani amma ake kau da kai. Babu wata al'umma a Afirka ta Yamma da ta kai mu kallon gumakan Hindu. Tun zamanin da Kwarori ke da gidajen silima a Kano da sauran birane ake kawo mana finafinan Indiya, iyayenmu suka kalla, mu muka buɗe ido a gidajen bidiyo na shekarun 1990, muna biyan 'yan sulallanmu muna zama a benci. Yanzu kuwa an fassara su da Hausa, an zuba a waya, sun shiga har ƙuryar ɗakin tsohuwa. A cikinsu yaro ya ga uwa ta kunna fitila tana zagaya ta gaban gunki, ya ga an buga ƙararrawa, ya ga ango da amarya suna kewaya wuta, ya ga an ƙona gawa an zuba toka a kogi. Ya ga wannan sau ɗari kafin ya shiga aji ɗaya na sakandare. Ya gan shi da dare, cikin kiɗa mai ratsa zuciya, a hannun jarumin da yake ƙauna, babu malami kusa, babu mai ce masa ga ma'anar wannan, ga inda muka rabu da su. Wannan bai tayar wa kowa da hankali ba. Amma a ce malami ya tsaya da rana, da alli a hannu, ya yi wa yaron bayanin abin da ya riga ya gani, nan ne imani zai zube? Ashe ba gunkin ake tsoro ba, bayanin ake tsoro.

Ga abin da rashin bayanin ke haifarwa. Wata rana a aji biyar wani yaro mai ƙwazo ya tambaye mu, wai me ya sa malaman Indiya suke yawan zama direbobin manyan motoci da sojoji a fim. Muka ce waɗanne malamai? Ya ce masu rawani da gemu. Muka juya ga ajin muka ce wa ya san ko su wane ne waɗannan. Kusan duka suka ce Musulmi ne. Wata yarinya ta ce ita ta ɗauka sharifai ne.

To, ba Musulmi ba ne. Su ne Sikh, kuma addininsu bai kai shekara ɗari shida ba. Wanda ya kafa shi, Guru Nanak, an haife shi a 1469 a yankin Panjab, a wani gari da ke cikin Pakistan ta yau. Jagorori goma suka yi bi da bi, na ƙarshensu Gobind Singh shi ne a 1699 ya ɗora musu alamomin da aka san su da su, ciki har da barin gashi ba aski, wanda shi ne suke naɗewa a cikin rawanin. Suna cewa Ubangiji ɗaya ne, kuma ba sa ajiye gunki a ɗakin ibadarsu, littafinsu suke ɗorawa a kan karaga. A cikin littafin har da baitocin wani sufi Musulmi, Baba Farid. Duk da haka aƙidarsu daban take da tamu nesa ba kusa ba, domin sun yarda rai yana sake dawowa duniya a wani jiki, kuma wanda ya yi riƙo da addinin sosai ba ya cin yankan Musulmi, ba ya shan taba. Kowane gidan ibadarsu yana da madafa da ake ciyar da duk wanda ya shigo kyauta, mai kuɗi da matsiyaci a tabarma ɗaya, ba a tambayar addininka. A babban ɗakinsu na Amritsar dubun-dubatar mutane ke ci kullum. Abincin da aka ga ana zuba wa yara a hoton Lesta ke nan. Manmohan Singh, wanda ya yi firayim ministan Indiya daga 2004 zuwa 2014, ɗayansu ne.

Wannan bayani bai ci mana minti goma ba. Babu yaron da ya fita ajin yana neman rawanin Sikh. Abin da ya faru shi ne sun daina ɗaukar wanda ba Musulmi ba a matsayin shehi. Yanzu wa ya tsare imanin yaran, mu da muka yi bayani ko wanda ya ce a yi shiru?

Kada kuma a ɗauka irin wannan jahilci abin dariya ne kawai. Kwana huɗu bayan harin 11 ga Satumba 2001, wani Ba'amurke ya harbe wani mai gidan mai a jihar Arizona, Balbir Singh Sodhi, domin ya ga rawani da gemu ya ɗauka Musulmi ne. Kuskuren da ɗalibanmu suka yi shi ne mai bindigar nan ya yi, bambancin kawai su ƙauna ta sa suka yi, shi ƙiyayya.

Haka abin yake ga sauran biyun. Yaranmu sun san Shawolin, sun san masu aski da lemon mayafi da ke tashi sama a finafinan 'yan Cana, amma ba su san cewa wannan gidan ibada ne na mabiya Buda ba, balle su san Buda ɗan sarki ne da aka haifa a Lumbini, cikin Nepal ta yau, wajen shekara ɗari biyar kafin Annabi Isa, wanda ya bar gidan sarauta ya shiga neman maganin wahalar ɗan Adam. Kuma kada wani ya ce muna wanke kowa. A 2017 sojojin Myanmar, ƙasar da mafi yawanta mabiya Buda ne, suka kori Musulmin Rohingya sama da 700,000 zuwa Bangladesh. A 1992 masu tsattsauran ra'ayin Hindu suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, a 2024 kuma aka buɗe ɗakin bautar Ram a wurin. Mun ji waɗannan a rediyo, mun yi alƙunutu, mun yi Allah wadai. Amma a tara masu Allah wadan a tambaye su wane ne Ram, me ya sa wancan fili da ba wani ba, me ya raba Indiya da Pakistan a 1947, sai a ji tsit. Wanda bai san abin da maƙiyin ɗan'uwansa ya yi imani da shi ba, ko kukan ɗan'uwan ba zai iya kai wa gaba ba.

Ban da haka, wai Indiyar nesa take? Babur ɗin Bajaj da ɗan acaɓa ke ɗaukar buhun albasa da shi a Aliero daga can yake. Maganin da ke kantin kemis na Jega, duba bayan kwalin. Mara lafiyarmu idan abu ya gagara can ake kai shi, gwamnatocin jihohin Arewa kuma sun sha tura ɗalibai can karatun likita da injiniya. Malamanmu da suka koya mana lissafi da kimiyya, da yawansu Indiyawa suka koyar da su a makarantun tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarun 1970 da farkon 1980. Muna tura yaro ɗan shekara goma sha tara ƙasar da Hindu suka haura biliyan ɗaya, ba mu taɓa gaya masa ko kalma ɗaya a kan abin da zai tarar ba, sannan mu ce tsare shi muke yi.

Masu cewa wannan ɗabi'ar Nasara ce muke son shigo da ita, muna roƙonsu su koma ga littattafan da suke alfahari da su. Abu Raihan Albiruni ya koyi Sanskirit, harshen littattafan Hindu, ya zauna da malamansu, ya rubuta littafi sukutum a kan aƙidunsu da lissafinsu da bukukuwansu wajen shekarar 1030, kuma ya bayyana tun a farko cewa nufinsa ya kawo abin da suke faɗa yadda suke faɗarsa. Shaharastani, wanda ya rasu a 1153, ya rubuta Almilal wan Nihal, ya jero addinai da ƙungiyoyi har da na Indiya. Ibn Baɗɗuɗa ya yi alƙalanci a Delhi, ya ga abubuwan Hindu da idonsa ya ba da labari, daga baya ya ratso Mali ya zo Takedda a 1353, har ya ambaci Gobir. Babu wanda ya ce ɗayansu ya bar Musulunci. Lambobin da muke rubuta kuɗin albasa da su, Larabawa da kansu ga Indiya suke jingina su.

Ga kuma wadda ta shafi masu wannan mujalla kai tsaye. Babu marubucin Hausa da bai sha nonon Magana Jari Ce ba. To, manazarta sun daɗe da nuna cewa aku mai ba da labari don ya tsare ɗan sarki daga fita, dabarar da Abubakar Imam ya gina littafi na ɗaya a kanta a 1937, tushenta wani tsohon littafin Indiya ne na labaran aku, kuma cikin taskokin da ya ɗiba har da Kalila wa Dimna, wanda shi ma daga Indiya ya taso, ya bi ta Farisa, Ibn Muƙaffa ya mayar da shi Larabci. Imam ya san inda ya ɗebo ruwansa, ya tace, ya zuba a tulun Bahaushe, har muka sha muka ce na rijiyar gidanmu ne. Wannan shi ne aikin mai ilimi da kayan baƙi.

Mu dawo gida. Garin Jega kansa me ya raya shi? Buhari ɗan Abdussalami ya kafa shi bayan rasuwar mahaifinsa a 1818, mahaifin da harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana ya zama ɗaya daga cikin musabbaban hijirar Shehu zuwa Gudu a 1804. Ba a daɗe ba kasuwar Jega ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin daular, mahaɗar Nufawa da Yarabawa da Zabarmawa da fataken Gwanja. Fataken nan watanni suke yi a hanya, su ratsa ƙasashen da kowane gari da abin bautarsa a bakin ƙofa, su sauka a Salaga, su yi ciniki da Tonawa, su dawo da goro da sallarsu cif. Hasali ma su suka kai sallar can. Alhaji Umaru Salaga, wanda asalin gidansu Kabawa ne, ya ƙare rayuwarsa a Kete-Karaci, garin da ya shahara da tsafin Dente, ya yi limanci da karantarwa da rubuce-rubuce a can har ya rasu a 1934. Da ganin tsafi yana cin imani, da ba mu ji sunansa ba. Kakanninmu da aka ɗiba soja a yaƙin duniya na biyu, 'yan Boma, ta Indiya aka bi da su, suka yi yaƙi a ƙasar da hasumiyoyin Buda suka fi bishiyar kuka yawa a wurinmu, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana suka dawo suka ci gaba da jan carbinsu. Yau jikokin waɗannan mutane ne ake cewa ba za su iya kallon laya a cikin gilashi ba.

Ba mu ce babu iyaka ba, kuma ba mu ce damuwar dattijon nan banza ce ba. Uba ne, kuma wanda ya haifa shi ya san zafin. Iyakar a fili take. Yaro ya gani, ya tambaya, ya rubuta. Ba zai rusuna wa komai ba, ba za a shafa masa komai a goshi ba, ba zai ci abin da aka miƙa wa gunki ba, ba zai maimaita addu'ar kowa ba. Mun tambayi uban yarinyar Lesta, ya ce haka aka yi, kuma sai da ya sa hannu a takarda kafin a tafi da ita, domin dokar can ta ba uba ikon cire ɗansa daga darasin addini. Mu ma haka muka tsara: takardar izini daga kowane gida, malamin addini a cikin mota, wanda bai yarda ba a bar masa ɗansa ba tare da an rage masa maki ba. Hukuncin shiga wurin ibadar wasu kuwa, wannan fagen malamai ne, sun yi magana a kai tun da daɗewa kuma sun saɓa, mu ba za mu yi musu shisshigi ba. Abin da muka sani na tarihi shi ne an kawo labarin Sayyidina Umar ya shiga Ƙudus, aka zagaya da shi babbar majami'ar garin, lokacin salla ya yi ya fita waje ya yi sallarsa. Ya gani, kuma ya san inda zai tsaya. Abin da muke son koya wa yara ke nan, kuma ba a koyon tsayawa a wurin da ba a taɓa zuwa ba.

Hujja ɗaya ce muka sunkuyar wa kai, ita ce ta tsaro. Bayan abin da ya faru ga ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yunin 2021, da na 'yan matan Maga a watan Nuwamban 2025, babu malami mai hankali da zai cika mota da 'ya'yan mutane ya bi ta Koko ya nufi Dabai don kawai a ce ya yi yawon buɗe ido. Surame ma, tsohon birnin Kanta, mun cire ta daga lissafi tun kafin mu rubuta takarda. Da wannan aka faɗa a taron, da mun ce gaskiya ne, Allah ya kawo sauƙi. Abin da ya ba mu haushi shi ne an bar hujjar gaskiya an kama ta bogi, kuma ita ta bogin ba ta da ranar ƙarewa. Hanya za ta gyaru in Allah ya so. Amma wanda ya ce gani shirka ne, ko an shimfiɗa masa kwalta har ƙofar gida ba zai bar yaro ya fita ba.

Akwai wani abu da tsohon ɗalibin namu ya faɗa wanda ya tsaya mana a rai. Ya ce ranar zuwa masallaci an sami wasu iyaye Turawa da suka hana 'ya'yansu, wai kada a cusa musu ta'addanci. Irin wannan ya sha faruwa a Ingila, shi ya sa ma Musulmin can suka ƙirƙiro ranar buɗe masallatai ga kowa tun 2015, don maƙwabta su shigo su gani da idonsu. Da muka ba da wannan labari a ɗakin malamai, mai kiɗan Indiya shi ya fara cewa, "Kai, amma waɗannan jahilai ne." Muka ce masa, "Malam, sake faɗa mu ji." Bai sake ba.

Zuru fa ba Lesta ba ce, jiharmu ce. Tun da aka ƙirƙiro Kebbi a 1991 muke cikin riga ɗaya da Dakarkari, akwai Musulminsu, akwai Kiristansu, akwai masu riƙe da na gargajiya. 'Ya'yansu suna zaune a benci ɗaya da namu a jami'ar Aliero. Yaron Jega zai gama sakandare ya san sunan jaruman Indiya ashirin, bai san mene ne Uhola ba, bai san mene ne golmo ba, abin da ya sani kawai kalmar nan guda mai zafi da ake jifan mutane da ita. Sannan an yi shekaru an cire darasin tarihi daga ƙananan azuzuwa tun wajen 2009 kafin a waiwayo a maido shi, waɗanda aka yaye a wannan tsakani su ne yanzu suke ɗaga hannu a taron iyaye.

Ku kuma 'yan'uwa marubuta, ba za mu bar ku ku sulale ba. Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Malam Aminu Kano ya rubuta Motsi Ya Fi Zama. Tun daga nan littattafan tafiya nawa aka ƙara mana? Cikinku akwai wanda ya yi jinyar mahaifinsa wata uku a Delhi, akwai wadda ta yi digiri a Bangalo, akwai wanda ya yi hidimar ƙasa a Legas inda ɗakunan ibadar Hindu da Sikh suke a buɗe. Kun dawo kun ba mu labarin attajirin da ya ƙi ba talaka 'yarsa, wanda shi ma daga fim ɗin Indiya aka kwaso shi. An ɗauki rawar an bar sanin mai rawar. Da ɗayanku zai zauna ya rubuta mana shafi sittin da Hausa mai daɗi, ga abin da na gani, ga abin da suka ce yana nufi, ga inda muka rabu, da mun sami abin karanta wa yara a ranar da mota ba ta iya fita.

Mu dai mun sake rubuta takardarmu. Wannan karon mun raba ta gida-gida, kowace tafiya da takardar izininta, don kada rigimar Gwandu ta ci Argungu. Mun fara da abin da ba ya buƙatar mota: ɗaliban Jega za su taka da ƙafa zuwa fadar Sarkin Kabi da tsohuwar kasuwa su tambayi dattawa labarin Gimbanawa, na Aliero za su zauna da masu ɗori su rubuta yadda sana'ar ta zo gidajensu. Argungu muka sa a zango na biyu. Dattijon da ya yi mana tambaya a taro mun je har gida mun gaishe shi, mun roƙe shi ya shiga motar ya zauna a gaba, ya ga abin da za a nuna wa jikansa. Ya ce zai yi shawara. Kujerar tana nan mun ajiye masa.